Tukunyar Wankan Imrich

A garinsu Bozena, can cikin duwatsun Pennsylvania a Amurka, duk gidan da ke da namiji a ramin kwal za ka tarar da tukunyar ruwan zafi a kan murhu. Ba a sauke ta sai ya shigo ya yi wanka. Wadda ta sauke kafin ya dawo, kamar ta ce ya mutu ne. A gidan Dzurko, wato iyalin su Bozena da suka yi ƙaura daga Slovakia, ba a wasa da wannan.

Yayanta Imrich gajere ne siriri, shi ya sa tun yana matashi ake cusa shi lungunan ramin da manya ba sa iya shiga. Ya tsani wurin, balle ma a nan babansu ya rasu. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, har da gudu ya shiga sojan sama.

"Na gama da rami, Bozka," in ji shi yana ɗaure jaka. "Ki gaishe min da ɓerayen ƙasa."

"Kai ɗin, Yaya? Da wannan tsawon naka wa zai ba ka jirgi?"

Yana fita Mama ta ce a ɗora tukunya. "Sama ko ƙasa, aiki dai ya tafi." Ƙafafun Mama sun riga sun kumbura, don haka ɗiban ruwa da iza wuta suka koma wuyan Bozena, safe da yamma.

A 1944 tangaraho ya zo, cewa jirginsu mai jefa bama-bamai bai komo daga Romaniya ba, kuma ba a san inda Imrich yake ba. Mama ko hawaye ba ta yi ba.

"Wanda ba a ga gawarsa ba ai a bakin aiki yake. Ƙara wuta, 'yar nan."

Yaƙi ya ƙare, tukunya na nan. Cyril, saurayin Bozena, ya samu aiki a birnin Detroit, yana son a ɗaura aure su tafi. Amma in ta tafi, wa zai iza wutar?

"Wai ni za ki aura ko tukunya?" ya ce da ita a bakin coci. Dariya ya so yi, ba ta fito ba. "Zan jira zuwa bikin Ista, Bozka. Bayan nan ban yi alkawari ba."

Ana cikin azumin Ista wani dogo mai ƙunar wuta a hannu ya ƙwanƙwasa ƙofa. Dale Whitcomb sunansa, jirgi ɗaya suke da Imrich, kuma ya daɗe a sansanin fursunonin yaƙi. Mama ba ta jin Turanci, sai Bozena ta zauna tsakaninsu tana fassara.

Ya ce a ƙarƙashin cikin jirgin akwai wani ƙoƙon ƙarfe da gilashi mai bindigogi biyu. Mutum ba ya shiga sai ya naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji, ko laimar sauka daga jirgi ba ta da wuri. Wanda ya fi kowa ƙanƙanta shi ake sakawa. A ciki harsashin jiragen Jamus ya sami Imrich, ya kashe shi.

Bozena ta dakata da fassara. Ashe wani ramin suka ba shi, a sararin sama. Ta ji kamar ta ce wa Mama baƙon bai san komai ba. Amma in ta faɗi haka, tukunya za ta ci gaba da tafasa. Sai ta faɗi duka, ba ta rage ba.

Mama ta daɗe tana kallon murhu.

"Tambaye shi, a ciki suka bar min shi?"

Dale ya girgiza kai. Ya ce jirgin na ci da wuta ya buɗe murfin ya jawo shi sama, ya kwantar da shi a ƙasan jirgi, ya miƙe masa ƙafafu, sannan shi ya yi tsalle da laimarsa. A murfin ne hannunsa ya ƙone.

A garin kwal, wanda ya fito da gawa daga rami shi ake fara ba ruwan wankan mamacin.

"Sauke ta," in ji Mama. "Ki sirka, kar ki ƙara ƙona bawan Allah."

Bozena ta zuba ruwan a kwano. Mama ta kama hannun baƙon ta wanke shi yatsa bayan yatsa, kamar yadda take cire baƙin kwal daga farcen ɗanta. Shi bai gane me ake yi ba, kuka kawai yake yi.

An ɗaura auren bayan Ista, suka tafi Detroit tare da Mama. Har Bozena ta tsufa, duk ɗakin da ta shiga sai ta buɗe taga, ko ana dusar ƙanƙara. In jikokinta suka yi ƙorafin sanyi, sai ta ce su sa riga, Yaya Imrich ba ya son matsi.