Yara Bakwai Masu Sunan Surukina

Malamar da ta koya mana yadda ake riƙe aji a kwaleji ba ta da wasa ko kaɗan. Kullum maganarta ɗaya ce: a ranar farko ake cin aji ko aji ya ci mutum, kuma wanda ya riƙe sunayen yara ya gama da su. Ba ta yarda ka nuna yaro da yatsa ka ce "kai" ba. Sai dai ka kira sunansa da ƙarfi, yadda na can baya zai ji. Ni kuwa ta riga ta sa mini ido, don a gwajin da muka yi gabanta muryata ta maƙale. Ta ce in na sake yin haka a makarantar da za a tura ni, sai na maimaita shekara. Shekara guda cur, ga goyo, ga mutanen gari sun zuba ido su ga inda bokon matar aure zai ƙare.

Da aka rarraba mu gwajin koyarwa, sai na faɗa firamaren ƙauyen mijina, can wajen Zurmi. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Malamar kuma ta ce da ni za ta fara ranar Litinin, tunda makarantarmu ce ta farko in an taso daga Ƙaura, inda kwalejin take.

Ranar Alhamis hedimasta ya ba ni rajistar 'yan aji huɗu in je in haddace. Ban kai rabin shafi ba na ci karo da sunan surukina, mahaifin mijina, Allah ya jiƙansa. Na tsallake. Layi biyu a ƙasa, ga shi kuma. Da na ƙirga, yara bakwai ne ke da shi. Marigayin shi ne limamin garin shekara da shekaru, shi ke raɗa suna, duk wanda ya sami ɗa namiji sai ya yi masa takwara don neman albarka. Su sun kwashi albarka, ni sun bar ni da jidali.

Shekarata shida a gidan, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ba a yi. Ko mai tallan manja ne ke da shi, sai dai in ce "mai sunan Baba" in wuce. To yaya zan yi da mai sunan Baba har bakwai a ɗaki ɗaya, ga malama zaune a baya da biro?

Na kira mijina a waya, yana Shinkafi wajen cinikin shanu. Ya yi ta dariya har da tari, ya ce in ba su lamba, in ce na ɗaya, na biyu, kamar buhunan gero. Na kashe wayata. Wanda bai sha kashi ba ba ya jin bari, wanda kuma ba shi zai maimaita shekara ba ai dole ya yi dariya.

Ranar Asabar da hantsi na kafa ajina a bayan ɗaki. Na jera kujerun tsugunno, da bokiti biyu, da tukwane, na jingina tsohon ƙyaure ya zama allo. Na fita, na shigo da sallama, na tsaya a tsakiya na yi shiru har tukwanen suka natsu, kamar yadda aka koya mana. Na fara kiran suna tiryan-tiryan. Ina isa wurin, harshena ya yi nauyi. Na sake fita na shigo. Haka dai. Sau biyar ina yi, har na fara jin haushin bokitin da na ajiye a matsayin na farkonsu, na kai masa shuri.

Ashe uwar mijina tana bayan zana tana ɓarar gyaɗa, tana jin komai. Ta leƙo ta ce, "Ke ɗiyata, mi bokiti ya yi miki?"

Na ce, "Ba komai, Inna."

"Ba komai, kina ta shiga da fita kamar kazar da ke neman wurin ƙwai?"

Da na ga ba makawa, na miƙa mata bayanin duka, ina yi ina kallon ƙasa. Na zaci za ta ce in ajiye rajistar in rufa wa kaina asiri. Ita da ta yi fiye da shekara arba'in da marigayin, daga "Malam" sai "Malam". Sai ta karkaɗe zanenta, ta ture bokitin, ta jawo kujera ta zauna a wurinsa. Ta ce, "Kira, in ji."

Na kama kira, tana amsawa, "Na'am, Malama," da wata 'yar murya ta tsokana. Muka iso wurin, na yi tsit.

Ta ce, "Ni dai ban ji an kira ni ba."

Raina ya ɓaci, har na manta da wa nake magana. Na ce, "Haba Inna, da wane bakin? Gobe a ce a garin nan an ji ni ina kwaɗa sunan Baba a gaban yara?"

Can sai ta faɗi sunan. A hankali ta faɗe shi, kamar mai ɗanɗana gishirin miya. Ta ce, "To, ga shi ni na riga ki. Shi da kanshi ya raɗa musu, bai raɗa don a ɓoye ba. Wanda duk ya yi magana, ki turo mini shi."

Na kira, ta amsa. Na kira na biyu, ta amsa. Har bakwai. A na ƙarshen ta ce in sake, wai ba ta ji ba. Na san sarai ta ji, kunnen Inna ko allura ta faɗi a zaure yana ji. Na sake kira.

Ranar Litinin na shiga aji, malama na zaune a baya. Na kira sunan da ƙarfi har na ji shi a ƙirjina. Sai dai duk gwajin da na yi, ban taɓa tuna in haɗa da sunan uba ba. Yara bakwai suka miƙe a tare suna "Na'am", aji ya ɓarke da dariya, wani har da buga benci. Na yi shirun nan da na koya a kan tukwane, ban san zai ci a kan mutane ba, sai ga shi ya ci. Na bi su ɗaya-ɗaya da sunan iyayensu. Malama ta yi rubutu mai tsawo, da za ta tafi ta ce na tsira, amma da ƙyar.

Na dawo gida a gajiye, ina cike da haushin kaina. Inna ba ta tambaye ni ko na ci ko na faɗi ba. Ta ce, "Kin kira?"

Na ce na kira.

"Sun amsa?"

"Dukansu, Inna. Har sun yi yawa."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Har na kai ƙofar ɗakina ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "In za ki sake gwajin naki a bayan ɗaki, ki faɗa mini. Bokiti ba ya amsawa."