Mai Jan Gidaje a Za'atari

Duk wanda ya zauna a Za'atari, sansanin 'yan gudun hijirar Suriya da ke Jodan, a shekarun farko ya saba ganin gida yana tafiya a kan titi. Ka fito karɓar burodi da safe, sai ga ɗaki sukutum, da tagarsa da labulensa, yana gangarowa bisa tayoyi, ƙarti suna turawa suna zagin juna, wani gajere mai ƙaton gashin baki yana gaba yana ihun a bi a hankali. Gajeren nan shi ne Mamduh, wanda kowa ke kira Abu Nayif.

A ƙauyensu na yankin Dar'a mai walda ne, ƙofofi da tagogi yake yi. Ya tsallako Jodan da iyalinsa, ko guduma babu a hannunsa. Sun ci sanyin shekara guda a tanti, kafin masu agaji su fara rabon karafan, ɗakunan ƙarfen nan da ake saukewa daga babbar mota. Allah ya saka musu, sun fitar da mu daga laka. Sai dai sun jera su a miƙe kamar haƙoran matsefi, kowa inda layi ya kai shi ranar da ya iso: wa a gabas, ƙane a yamma, uwa can bakin wayar shinge. Mutanenmu kuwa, in ba su ji tarin maƙwabcin da suka sani ba, barci ba ya musu daɗi.

Mamduh ya samo tayoyin mota da dogayen ƙarafa. Kada ka tambaye ni daga ina. Shingen sansanin dai ya yi giɓi a makon. Ya haɗa dogon amalanke. A ɗaga ɗaki da jak, a cusa ta ƙarƙashi, a tura. Da wannan ya riƙe gidansa.

Ana haka aka kawo mahaifinsa, Hajji Mislih, wanda ya ƙi barin ƙauye sai da rufin ɗakinsa ya rufto. Tsohon ya daɗe da makancewa, amma a gida ba wanda ya taɓa yi masa jagora. Yakan fita ya juya dama, hannu a bango, yana sallama a kowace ƙofa da sunan mai ita, suna amsawa, har ya kai masallaci. Washegarin zuwansa ya fita ya juya dama yadda ya saba, ya zurma cikin kwatamin wanke-wanke. Waɗanda suka tsamo shi mutanen kirki ne, amma ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Wai tsohon nan na wane ne?"

Tun daga ranar Hajji ya koma kusurwa ya zauna, ya daina magana. A kai abinci, a dawo da shi. Likitan sansani ya duba, ya ce jikinsa lafiya lau. Mamduh ya tsorata ƙwarai, don ya ga mahaifinsa yana ƙarewa a gabansa, kuma ba ciwon da zai nuna wa kowa.

"Zan dawo masa da layinmu," ya ce wa matarsa.

"Layin da yake Suriya?"

"Mutanen ai suna nan. Warwatse kawai suke."

Ya samo fili kusa da wani masallacin kwano, ya ja nasa ɗakin ya ajiye yadda masallacin zai kasance a dama. Ustaza Rula, ma'aikaciyar agaji mai kula da unguwar, ta zo ta dafe kai.

"Abu Nayif, ka san motar ruwa da ta asibiti ɓacewa suke saboda kai?"

"Ustaza, zan bar miki hanya, motoci biyu su wuce suna gaisawa."

Gaskiya ce da ita, kuma ya cika alkawari, har lambobin ɗakunan ya sake shafawa da fenti.

Ummu Tahsin, bazawarar da ke ƙofa ta farko a ƙauye, ba ta ba shi wahala ba. Sharaɗinta ɗaya, a tura ta tana ciki. Haka aka keta sansanin da ita, ta leƙo ta taga rungume da kwalaben zaitun ɗinta tana cewa, "Ku yi a hankali, 'yan banza, uwarku ce a ciki!"

Abu Hayil, wani maƙwabcinsu na layin, shi ne ƙashin wuya. Ɗakinsa na bakin kasuwa, ta taga yake sayar da tumatir da kokwamba.

"Ka haukace? Kasuwa ce ke shigo min har gado, in bar ta in koma bayan gari?"

Mamduh bai yi gardama ba. Kullum sai ya zo ya zauna ya shanye masa shayi, ya tashi. Da Abu Hayil ya gaji ya ce a je ya gaida tsohon, ko ya huta. Suna shiga tari ya sarƙe Abu Hayil. Daga kusurwa aka ji murya a dushe:

"Barakat, har yanzu ba ka bar taba ba?"

Sunansa na yanka ke nan, ba mai kiransa da shi sai wanda ya san shi yana rarrafe. Ya fito waje yana murza ido, ya ce, "Kawo amalanken naka, Allah ya isa tsakanina da kai."

Saura gida ɗaya. A ƙauye, tsakanin Ummu Tahsin da Abu Hayil akwai gidan Abu Ratib, aminin Hajji tun kuruciya. Bayan fitowar Hajji bam ya faɗa gidan, ba wanda ya fita. Mamduh ya ɓoye wa mahaifinsa. Ya manna ɗakin Abu Hayil jikin na Ummu Tahsin, ya gargaɗi kowa: in an tambaya, Abu Ratib yana birnin Irbid wurin ɗansa.

Da la'asar sakaliya ya durƙusa gaban tsohon. "Baba, fito ka juya dama."

An daɗe ana lallashi kafin ya miƙe. Ya fita, ya ɗora tafinsa a kan ƙarfe, ya ja ƙafa. Hannun ya taɓa ƙofa. Kamar mai gwada ruwa ya ce, "Salamu alaikum, gidan Tahsin."

"Wa alaikumus salam, Hajji! Ina ka shige, ka bar mu da yaran zamani?" Dariya take yi, hawaye na zuba.

Kafaɗun tsohon suka miƙe. Ya ƙara gaba, ya sami ƙofa ta biyu, ya ɗaga murya: "Salamu alaikum, Abu Ratib!"

Tsit. Can Abu Hayil ya kasa riƙe tarinsa.

"Barakat, me kake yi a gidan Abu Ratib?"

"Baba, ai yana Irbid," in ji Mamduh, "wurin..."

"Mamduh, ido na rasa, ba kunne ba. Duk layin nan ba mai numfashi." Ya juyo da fuskarsa. "Su nawa?"

"Duka, Baba."

Tsohon ya tsaya, hannunsa a jikin ƙofar. Mamduh ya tabbata yanzu mahaifinsa zai juya ya koma kusurwa, kuma wannan karon ba zai sake tashi ba.

"To ka ja ɗakin nan gaba," in ji Hajji. "Don mutum ya rasu sai ku cinye masa wuri? Ku bar masa filinsa."

"Gobe da safe, in sha Allahu."

"Yanzu. Ina nan tsaye."

Aka kawo jak, aka cusa amalanke. Abu Hayil da kansa ya tuɓe riga ya sa kafaɗa, yana ƙunƙunin cewa sau biyu ke nan ana tashinsa a wata ɗaya. Suka tura har sai da aka sami faɗin ɗaki guda, tsakuwa zalla. Ana sauke ɗakin aka kira magariba.

Hajji ya koma ƙofar Ummu Tahsin ya faro daga nan. Bango ya ƙare a hannunsa. Mamduh ya miƙa hannu zai riƙe shi, ya ture. Ya fuskanci filin ya yi sallama da cikakkiyar murya, ya jira gwargwadon yadda mutum zai amsa. Sannan ya taka tsakuwar shi kaɗai, hannu a miƙe, babu abin dafawa, har yatsunsa suka taɓa ƙarfen Abu Hayil.

Ya isa masallaci ana tayar da sallah. Ya laluba sahun gaba, ya dafa wani saurayi da bai san shi ba, ya ce, "Matsa, ɗana. Nan nake tsayawa."