Ghali da Hannun Ƙarfe

Ghali ɗan Ƙofar Mata ne, kuma kafin ya taka ƙasar Sin ya yi shekaru yana koyarwa a wata kwalejin fasaha a Kano. Darasinsa shi ne sarrafa injuna, amma injin da zai nuna wa ɗalibai babu shi. Da alli yake zana musu hannun mutum-mutumi, ya ce su ɗauka yana juyawa. Su kwafe, su haddace, su ci jarrabawa, su fita da shaidar aikin da ba su taɓa gani da idonsu ba. Abin ya daɗe yana cin ransa.

Da ya samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Guangzhou, mahaifiyarsa Hajiya Mero ta fi kowa murna, don yayanta Alhaji Babayo yana can yana fataucin wayoyi. Ta ce hankalinta ya kwanta tunda yaro zai sauka a hannun kawunsa. Ghali ya bar matarsa Asma'u da ƙaramin ciki ya hau jirgi.

Alhaji Babayo mutum ne mai sakin fuska da yawan kyauta a gaban jama'a. In ya shiga kasuwannin Liwan masu shaguna na ɗaga masa hannu suna kiransa lawban, wato maigida, amma Sinancinsa bai wuce gaisuwa da godiya ba. Da bakin Ghali ya buɗe a harshen, sai kawun ya samu tafinta. Ranar Juma'a in an sauko daga Masallacin Huaisheng yakan riƙe masa hannu yana nuna shi ga 'yan kasuwar Kano da na Maraɗi, yana cewa ga ɗan ƙanwarsa injiniya. Daga nan kuma ya ja shi cinikin caja da batura har la'asar.

Sauran kwanakin Ghali a ɗakin gwajin Farfesa Luo suke ƙarewa. A can akwai hannun ƙarfe na gaske, mai gaɓoɓi da yatsu, kafe a kan teburi. Ghali ne ya kawo wa farfesan shawarar a haɗa hannun da intanet, a sa masa kyamara, ta yadda ɗalibin da ke wata ƙasa zai rubuta umarni ya aiko, ya zauna yana kallon ƙarfen na bin maganarsa. Farfesan ya ce wasu sun gwada. Ghali ya ce sun gwada a inda wuta ba ta ɗaukewa. Abin da shi yake nema shi ne hannun da zai tsaya cak in layi ya yanke a Kano, ba tare da ya saki abin da ya riƙe ba, ya kuma ci gaba in layin ya dawo.

Da lemu yake gwaji, don ya fi arha kuma ba ya ɓoye rauni. Ya sa hannun ya ɗauki lemu, sai ya fizge wayar intanet ya ga abin da zai faru. Watanni ana matse lemu a teburin har abokan karatunsa suka riƙa tsokanarsa da mai sayar da ruwan lemu. A farkon 2008 hannun ya daina matsewa. Ghali ya kira Malam Kallamu, abokin koyarwarsa a Kano, suka shirya cewa da zarar an gama wasannin Olamfik da Sin ke shiryawa za a tara ɗalibai a kafen intanet, su motsa injin da ke Sin daga Kano.

Sai dai shekarar ta zo wa baƙi da zafi. Kafin wasannin hukuma ta tsananta, 'yan sanda suna tare baƙar fata a titi suna neman fasfo, sabunta biza kuma ya zama wuya. Bizar Alhaji Babayo ta ƙare, ga kaya yana son tarawa a wani sito kusa da filin jirgin Baiyun, mai siton kuma ya ce sai da fasfo mai rai. Alhaji ya nemi na Ghali. Ghali ya ce jami'a ta gargaɗe su a kan haka. Kawun bai yi gardama ba, ƙanwarsa ya kira. Ba a jima ba wayar Ghali ta yi ƙara.

"Kawunka ne fa," in ji Hajiya. "Shi ya karɓe ka a ƙasar da ba ka san kowa ba. Kada ka sa a ce ban ba ka tarbiyya ba."

Ya kai fasfon da hannunsa.

A cikin watan Agusta, ana tsaka da wasanni, a kowane gidan abinci an kunna talabijin, 'yan sanda suka buɗe siton suka tarar da shi cike da wayoyin jabu. Da rana tsaka suka zo ɗakin gwaji suka ɗauki Ghali a gaban abokan karatunsa, tunda da sunansa aka kama siton. Ya roƙa aka bar shi ya kira kawunsa, ya faɗa masa inda yake da abin da aka gani.

"Wane sito kuma?" Alhaji ya ce. "Ni ban san da wani sito ba, ɗana. Ka yi ta addu'a."

Kafin mako ya zagayo Alhaji ya biya tarar wuce wa'adi ya bar ƙasar.

Ghali ya yi watanni a tsare. Jami'a ta soke sunansa. Farfesa Luo bai zo ba, ya dai aiko da jakar tufafinsa da saƙon cewa abin bai yi masa daɗi ba. Da aka gaji da shi aka sa shi a jirgi, aka ce kada ya sake dawowa.

A Kano ya tarar labarinsa ya riga shi sauka. Alhaji ya bi dangi gida-gida yana girgiza kai, yana cewa yaron ya faɗa cikin miyagun abokai, shi kuma ba irin faɗi-tashin da bai yi ba don ya cece shi. Kwaleji ta sallame shi. Mahaifin Asma'u ya zo ya kwashe ta da 'yar da Ghali bai gama sanin fuskarta ba. Da ya zauna gaban Hajiya zai faɗa mata yadda aka yi, sai ta ɗaga masa hannu.

"Ko shi ne ya yi, ba za ka faɗa ba. So kake ka raba ni da ɗan'uwana a tsufana?"

Wata rana Ghali ya shiga kafe ya gwada tsohuwar lambar sirrinsa ta shafin hannun ƙarfen, ba don yana sa rai ba. Shafin ya buɗe. Ga teburin, ga hannun. Ya rubuta umarni ya aika, ƙarfen ya ɗaga ya juya. Ana cikin haka wuta ta ɗauke, da mai kafen ya tayar da janareta Ghali ya sake shiga, ya tarar hannun na tsaye inda ya bar shi, yana jira.

Ya je ya roƙi Malam Kallamu ya kawo ɗalibai ko da shi yanzu ba malami ba ne. Ranar Asabar suka zo, suka cika kafen, suka tsaya a bayansa. Ya sa lambar, aka ƙi ta. Ya sake, aka sake ƙi. A saman shafin kuma ga sabuwar sanarwa cewa an buɗe ɗakin gwajin ga ɗaliban wasu ƙasashe, da sunan farfesan da na ɗalibansa biyu a matsayin waɗanda suka gina shi. Wani ɗalibi mai dogon wuya ya sunkuyo ya karanta a fili, sannan ya tambaya ko dai a gidan yarin Malam Ghali ya yi mafarkin injin. Aka yi dariya, har Kallamu ya juya baya yana danne tasa.

Neman aiki ya gagara, don duk inda ya je an ji labarin. Hajiya ce ta roƙi yayanta ya taimaka, Alhaji ya ce ai shi ba ya riƙo. Ya ba shi benci a bayan shagonsa, inda yake gyara wayoyin da masu saye suka dawo da su, kuma sai da Hajiya ta tura shi ya je har gida ya durƙusa ya yi godiya.

Bayan shekara biyu Alhaji Babayo ya yi sabon fasfo ya koma sarin kaya a Guangzhou. In zai tafi, Ghali ne ke tuƙa shi zuwa filin jirgi, ya sauke masa jakunkuna, ya juyo da motar ya buɗe shago.