Giginyar Babana da Sabulun Hajiya

Tun kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: duk labarin nan wawa ɗaya ne a ciki, kuma shi ne mai rubutun. Ni Garba Bakanike na Unguwar Dosa, wanda ya yi aji huɗu a elementare, ya fito da sakamako mai kyau ta taga. Shekara arba'in ina kwance injin babur ina ɗaurawa. Yanzu yanar ido ta fara rufe mini gani, duniya ta koma kamar ana kallonta ta cikin koko.

Abin da ya fitar da ni shi ne giginya. Da aka tare ruwa a Kangimi, ya haɗiye gonar mahaifina, sai giginya ɗaya ta ƙi kwanciya. Ta mutu a tsaye. Kowace bazara, in ruwa ya ja baya, takan leƙo. Ruwan sama na sauka ta koma. Na ce in gan ta kafin idon ya ƙarasa. Mai kai ni shi ne Ɗanjuma masunci, ɗan gwaggona, wato taubashina kuma bawana na gado. Ya bugo waya ya ce tsohon jirginsa yana zubar da fetur, ya rasa ta ina.

Unguwar Dosa zuwa Kawo

Ƙarfe biyar da minti arba'in, bayan asuba, na ɗauki jakar sifana da jarka. A bakin rijiya na ga sabon sabulun wankin Hajiya Asabe, mai ɗakina, na zura shi aljihu. Wannan ba sata ba ce, ilimi ne. Duk bakaniken ƙwarai ya san in tanki ya huje, a goga masa sabulu, fetur ba ya cin sa. Keke napep ya sauke ni tashar Kawo shida da kwata. Na sha koko da ƙosai huɗu, na biyar mai ƙosan ta ba ni kyauta, ta ce na tsufa ne.

Katabu

Bakwai saura minti goma muka tashi a wata bas da ƙofarta ke ɗaure da igiya. A Katabu na roƙi direba ya tsaya gidan mai, aka zuba mini lita huɗu.

"Baba, fetur a cikin fasinja?" in ji shi.

"Ɗana, motarka ta fi jarkata wari."

Gaba kaɗan da Mararraba akwai shinge. Ɗan sanda ya leƙo ya ce me ke cikin jaka. Na ce sifana da sabulu. Ya ce gyara za ni ko wanka. Na ce duk wanda Allah ya fara kawowa. Ya yi dariya ya ɗaga mana hannu.

Daga nan na jingina kai da gilas. Gonaki suna wucewa, an yi sharar su ana jiran ruwa, hayaƙi na tashi siriri. Can gabas gajimare ya fara haɗa kai. Ina jin kamar Baba na gabana da fartanya a kafaɗa, ni ina bin sawunsa ina saka ƙafata a ciki.

Bakin ruwa

Acaɓa ya ƙarasa da ni, tara daidai. Ɗanjuma na zaune gindin jirgi yana ɗinkin koma.

"Bawana, taso ka karɓi jakar ubangidanka."

"Injiniyan birni! Da wane idon za ka ga yoyon?"

"Da wanda na ga uwarka ta yi maka wanka a ƙwarya."

Yanzu ku saurara, nan ne wurin karatu. Yoyon mai ba a nemansa da hanci, domin ko'ina wari yake. Na sa ya goge komai ya bushe, daga tanki har inji. Na aika shi murhun mai suyar kifi ya ɗebo toka. Muka barbaɗa ta kan tiyo, da bakin kafireto, da jikin tanki. Muka gauraya fetur da baƙin mai muka zuba. Na ce ya matsa 'yar robar nan da ke jawo mai har ta yi tauri. Sai jira. Inda toka ta yi baƙi, nan ɓarawon yake.

Wuri biyu ta yi baƙi. Na farko bakin tiyo, ya bushe ya tsage. Na yanke shi da wuƙar kifi, na tsoma sabon bakin a ruwan zafi ya yi laushi, na cusa, na ɗaure da waya. Na biyu a gindin tanki, tsatsa ta yi huji kamar na allura.

"Wannan sai mai walda," in ji Ɗanjuma. "A juye, a wanke, a cika shi da ruwa, sannan a sa wuta. Ka kwana, gobe mu je."

Na dubi gabas. Hadarin ya yi duhu. Na ce giginya ba ta san gobe ba. Na zaro sabulu cikin isa, na murje hujin har ya toshe. Muka sake barbaɗa toka, ko ɗigo babu. Ɗanjuma ya ce, "A ruwa fa za mu shiga." Na ce, "Bawa ba ya koya wa ubangida sana'a." Ya ajiye tankin a cikin jirgi, ƙasa, inda ya saba zama.

Tsakiyar ruwa

Goma da rabi muka tashi. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, duk da inji na kuka. Sama da ruwa suka haɗe a idona, babu gaɓa, babu iyaka, jirgin kamar yana rataye. Balbelu suna wucewa fari-fari kamar wanki ya tsinke daga igiya. Na ce a raina, ƙarƙashin nan akwai turbar da nake kai wa Baba fura, yanzu tarwaɗa ce ke bin ta.

Tsohon jirgi ba ya rasa shan ruwa. Ɗanjuma na riƙe da inji da hannu ɗaya, ɗayan yana kwarfe ruwa da ƙoƙo yana watsarwa. Can sai na ga abin mamaki. Gefen jirgi, kan ruwa, launuka sun shimfiɗu, kore da ja da shuɗi, suna juyawa a hankali, ga farin kumfa yana bin su. Ni da na yi shekara biyu ban ga launi sosai ba! Hawaye ya zo mini.

"Ɗanjuma, dubi! Bakan gizo ya sauko kan gonar Baba. Ƙasar ta gane ni."

Ya leƙa, ya sunkuya ya shafa gindin tanki, ya ɗago hannu yana santsi.

"Ƙasar ba ta gane ka ba, Injiniya. Bakan gizon fetur ɗinka ne, kumfan kuma sabulun Hajiya."

Ya kashe inji. Ruwan cikin jirgi ya lashe gyarana tas, fiye da rabin man ya bi shi. Ya juye ragowar a jarka, ya cire tiyo daga tanki ya zura a ciki, ya naɗe bakin da tsumma, ya ɗora mini a cinya.

"Rungume ta kamar jikarka. Wannan zai kai mu ko ya mayar da mu, ba duka biyu ba. Zaɓi."

An yi tsawa can nesa. Na ce mu je.

Sha biyu saura kwata inji ya yi tari ya mutu, muka ƙarasa da filafili, itacen tuƙi da hannu. Da farko wani dogon duhu kawai na gani tsaye. Da muka matso sai ta fito, baƙa, ba kai, tsuntsu ɗaya a bisa. Na rungume ta. Na yi ta lalube sama da kaina har hannuna ya ci karo da ƙusar da Baba ya kafa ta rataya gora, lokacin yana hawa gyaran ganye. Tana nan. Na yi masa addu'a, Ɗanjuma ya ce amin, ya juya baya yana gyaran abin da bai lalace ba.

Komowa

Awa biyu da rabi muna tuƙi da hannu, yayyafi na dukanmu, ubangida na kwarfar ruwa bawa na ba da umarni. Tanki mun bar shi wurin mai walda. Biyar na hau mota, takwas saura na shiga gida, jiƙe, ina warin gidan mai. Godiya ga Allah da ya nuna mini, ga Ɗanjuma da ya yi haƙuri, ga mai ƙosan Kawo.

Hajiya ta kawo tuwo, na ba ta labari tiryan-tiryan. Na rufe da cewa wannan darasi ne babba ga masana: ashe ruwa yana cin sabulu.

Ta ɗauke kwanon miya ta dube ni.

"Ba laifinka ba ne, Malam. Mai wanka Juma'a zuwa Juma'a, ina zai sani?"