Butar Azurfar Kawu Sale

Shekara tara ke nan da muka binne Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, maƙerin azurfa a unguwar Zahir da ke Makka. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba sai bana, da abin da ya faru da butarsa ya hana ni sukuni.

Butar shayi ce ta azurfa, ƙirar Ingila. Kakanmu ne ya zo da ita daga Sudan, inda ya yi wa wani Bature kuku a hanyarsa ta zuwa Makka. Ba a taɓa shan shayi a cikinta ba, don malamai sun hana ci da sha a azurfa. Kawu dai yakan ɗauko ta ya kifa, ya nuna min hatimin da ke gindinta: ɗan zaki da haruffa biyu na sunan maƙerin.

"Dubi inda ya haɗa bakin da cikin, ɗan nan," yakan ce. "Ko farce ba ya jin gaɓar. Ban san sunansa ba, amma a wurinsa na koyi haƙuri."

Ko bayan idanunsa sun mutu, da yatsa yake bin zanen ganyen da ke jikinta.

Bana aka raba gado, bayan rasuwar matarsa. Buta ba ta rabuwa, ajiye ta ma wasu sun ce da shubuha. Babban ɗansa Faisal ya kai ta aka narkar, aka zuba zobba, kowa ya samu ɗaya. Ni ma ya kawo min nawa har gida a unguwar Ka'akiyya, yana murna.

"Halas, shi ke nan, yaya, yanzu kowa yana da abin tunawa da Baba."

Na karɓa, na yi godiya. Ban ga laifinsa ba, alheri ya nufa.

Me Kawu zai ce? Na san ba zai yi faɗa ba. Zai juya zoben a tafinsa, ya ji kaushin injin. Ina jin Baturen da ya ƙera butar zai fi ba shi tausayi, mutumin da aikinsa ya ƙetare teku da hamada, ya zo ya ƙare a tukunyar wuta.

Shagon Kawu yanzu wayoyi ake sayarwa a ciki. Amma matan Zahir har yau suna sanye da awarwaron da ya ƙera, kuma ban ji wadda ta ce nata ya ɓalle ba. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa.