Rabin Fuska a Madubin Babur

Autata ce ta kawo mini wayar daga Funtua, ta nuna mini inda ake dannawa hoto ya fito. Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba, sai ga ni na zama mai hoton unguwa. Ban bar kowa ba. Na ɗauki masarar da aka shanya a ƙofar gida, na ɗauki mai wainar lungunmu tana zagin kaza, na ɗauki akuyar maƙwabta da kanta cikin tukunyata. In motar auduga ta gifta, daga zaure nake leƙawa in danna.

Mutum ɗaya ne ban taɓa ɗauka ba, ɗana na fari. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tsura masa ido, ba ta nuna ta damu da shi. Haka na ga an yi, haka na yi. "Wancan" nake ce masa. Shi kuwa ba ya rasa tsokana.

"Iya, akuya ma kin ɗauke ta. Ni ban kai akuya ba?"

"Kauce mini, kana tare mini haske."

Sai ya yi dariya, ya ɗauki fartanyarsa ya fita.

Da daminar bara zazzaɓi ya kwantar da shi. Kafin masara ta yi goyo an kai shi makwancinsa. Ko kukan ma a ɗaki na yi shi, da bakin zane a bakina.

Bayan an yi arba'in, 'yarsa, wadda lokacin take haɗa magana, ta hau cinyata ta kama wayar.

"Kaka, nuna mini Babana."

Uwarta ta sunkuyar da kai. Wayar mamacin 'yar ƙarama ce mai tocila, ba ta hoto, na katin zaɓensa kuma gumi ya cinye shi. Duk gidan ni kaɗai ake sa ran ina da shi.

"Bari, ƙawata, yanzu zan nemo miki."

Na yi ta turawa da yatsa. Masara, kaza, akuya, masara. Yarinya tana ta dariyar akuya.

Can sai ga hotunan zuwanmu garin Dayi. Na tuna ranar. Gaisuwar rasuwa ce, motoci sun cika, dole wancan ya goya ni a babur, ina ta mita a bayansa. A bakin titi na ga masu rake sun yi layi, na ɗaga waya na danna. Ga raken, ga wata bas da kaya har sama. A gefe kuma, cikin madubin babur, ga ido ɗaya, rabin hanci, da gefen baki yana murmushi. Ashe kallona yake.

Autar ta kai hoton Funtua a wanke mana. Mai shagon ya ce in aka ƙara masa girma zai dushe, aka wanko shi haka nan, raken ya fi shi fitowa.

Yarinya ta sa yatsa a kan madubin ta ce, "Ina sauran?"

Na ce, "Zo nan." Na juya fuskarta wajen haske, na daɗe ina kallo. Sannan na faɗa mata sunan ubanta, da bakina.