Tururuwa Uku da Cokalin Shayi

Makon jiya ina gyara wa Inna kwabarta na ci karo da wani ɗan cokalin shayi, naɗe cikin tsumman atamfa. Bakinsa ya lanƙwashe, mariƙinsa ya yi baƙi, duk wanda ya gan shi zai ce a jefar. Ni kuwa sai na nemi bakin gado na zauna, domin cokalin nan ya tono mini abin da na binne tun ina 'yar shekara tara, kuma yau na ga dama in faɗa muku.

Gidanmu yana Runjin Sambo, gidan mahauta ne. Baba yakan fita mayanka da sassafe, ya dawo da hantsi da ƙunshin nama, shi ya sa kowa a gidan da ƙibarsa, har kyanwa. Mai mulkin gidan kuwa Kaka ce, mahaifiyar Baba. Tana son mu, amma Allah bai halicce ta da yarda da mutane ba. In mai tallan fura ta yi mata gyara, sai ta shinshina ta ce akwai dalili. In baƙuwa ta yabi yaro, kafin ta kai zaure an kunna turaren tsari.

A cikin bazara Inna ta haifi ƙanena, lokacin da ko tabarma ka taka sai ta ƙona maka ƙafa. An yi suna, an ci nama, sai dai yaron bai yi kumari ba. Yakan kama nono ya yi ta fama, gumi ya rufe masa goshi, ya saki ya yi kuka, wani lokaci nonon ya biyo ta hancinsa. Wata biyu ya cika, rigunan suna har yanzu sun yi masa yawa. Fatar cinyarsa ta yi laushi ta tattare, kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa. A gidan da nama ke kwana, wannan abin kunya ne da tsoro gaba ɗaya.

Kaka ta fara lissafa waɗanda take zargi. Mai kitso ce ta farko, don ta ce yaron kyakkyawa ne ba ta ce tubarkalla ba. Daga nan sai wata malamar jinya da ke haya a maƙwabtanmu, wadda laifinta shi ne yawan kallon 'ya'yan mutane. Da zargi ya gama zaga unguwa bai sami masauki ba, sai ya dawo cikin gida ya sauka a kan Inna. Kaka ta ce nononta ne ya ɓaci. Inna ta ce ai da shi ta shayar da ni na girma, Kaka ta ce nono yana ɓaci dare ɗaya, kuma akwai hanyar ganewa.

Hanyar ita ce a tatsi nonon a ƙoƙo a jefa tururuwa. In ta yi iyo ta fita, nono lafiya lau. In ta mutu a ciki, to guba ne. Ni aka aika in kamo su a gindin darbejiyar ƙofar gida.

Ga laifina. Tururuwa ba ta tsayawa a kama ta, ni kuma ina tsoron in koma hannu wofi Kaka ta ja mini kunne. Kowacce na kama sai in ɗan murza ta tsakanin yatsuna don ta daina gudu, in jefa a kwalin ashana. Guda uku na samu. Na kuma tsaya kallon 'yan gaɗa da kwalin a hannuna, cikin wannan rana. Da aka juye su a nonon, gaban Goggo ƙanwar Baba da mata biyu na unguwa, ɗaya ce kawai ta motsa ƙafa, ita ma ba ta daɗe ba.

Kaka ta ce, "Kun dai gani da idonku. Daga yau yaron ga ba shi ƙara shan nonon ga."

Inna ta ja mayafi ta rufe ƙirjinta. Na buɗe baki in yi magana, na dubi fuskar Kaka, na rufe. Baba da ya dawo aka gaya masa, ya sunkuyar da kai, domin bai taɓa musa wa uwarsa ba.

Aka sayo akuya mai shayarwa, aka koma ɗura wa yaron nononta a kwalba, Inna kuma aka haɗa ta da wani jiƙo mai ɗaci wai ya wanke nata. Ni aka naɗa 'yar sa ido, in na ga ta ba shi nono in zo in faɗa. Cikin 'yan kwanaki gudawa ta kama shi, maɗigarsa ta faɗa, idanunsa suka zurma. Rigar Inna kullum a jiƙe take da nonon da aka hana shi. Na daina cin abinci sosai, don na tabbata in yaron nan ya mutu, yatsuna biyu ne suka kashe shi.

Ranar da Kaka ta tafi gaisuwar mutuwa Gidan Igwai, Inna ta goya shi ta shiga gidan malamar jinyar nan. Na bi ta, tunda aikina ke nan. Matar ta wanke hannu, ta haska bakinsa da tocila, ta kira Inna ta duba. Can ciki, a rufin bakin, akwai wata 'yar ɓula. Ta ce da ita aka haife shi, ita ke hana shi zuƙo nono, kuma ita ke mayar da shi ta hanci. Nonon Inna ba abin da ya same shi. Ta ce a riƙa tatsa a kofi mai tsabta, a zaunar da shi a miƙe, a ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, a kuma kai shi asibiti a auna shi, in ya yi ƙwari za a ɗinke wurin.

A zaure Inna ta tsaya ta dube ni. "Za ki hwaɗa mata?"

Na ce a'a. Maganar tururuwa ta zo mini har maƙogwaro, na haɗiye ta.

Daga ranar na zama 'yar sa ido ta ɓangare biyu. Inna takan shige ɗakin girki da shi, ni in zauna a bakin ƙofa ina tsince shinkafa, in na hango Kaka sai in yi tari. Nonon akuyar kuwa ni nake shanye shi, don a ga kwalba ta ƙare. Matsalarmu cokali ce, na gidan duk manya ne, rabin nonon a wuyansa yake ƙarewa.

Wata safiya muka tarar da ɗan cokalin shayi a kan tagar ɗakin girki, a wanke, an rufe shi da faifai. Inna ta zaci sato shi na yi, ni na zaci malamar jinya ce ta aiko, da muka tambaye ta ta ce ba ta san zancen ba. Tsoro ya kama mu. Inna ta ce ko tarko ne, ko an yi masa wani abu. Ta tafasa shi har ruwan ya kusa ƙonewa, ta yi bisimilla ta ba shi. Bakin cokalin daidai bakinsa.

Kafin damina ta yi nisa gudawar ta tsaya, wuyansa ya fara yin gaɓa-gaɓa, ya yi dariyarsa ta farko. Kaka ta riƙa gaya wa baƙi cewa akuyarta ce da jiƙonta. Na dai lura barcin ranar Kaka ya ƙara tsawo, kuma ba ta ratsa tsakar gida sai ta yi gyaran murya, amma ban kawo komai a raina ba. Ita da kanta ta ce wa Baba a kai shi asibiti, wai don a rufe bakin mutane.

Sai bayan na yi aure, wata rana ina yanke wa Kaka farce, tsufa ya riga ya cinye ta, na gaya mata abin da na yi wa tururuwa. Sai ta ce, "Cokalin kakanku na, da shi yaka shan shayi. Na ga kumatunki na cika da nonon akuya, na gane abin da ku kai. Na riga na yanke magana gaban mutane, ban iya maido ta." Ta roƙe ni kada in gaya wa Inna, kuma har Kaka ta rasu ban gaya ba.

Yanzu ƙanen nawa shi ke riƙe da teburin Baba a kasuwa, ƙato ne, sai in ya yi magana za ka ji ɗan hanci-hanci. Jikokin gidan kuwa asibiti ake kai su awo, a rubuta a kati, in yaro bai ƙaru ba a leƙa bakinsa kafin a fara leƙen maƙwabta. Ban ce zargi ya ƙare ba, har gobe ina jin ana cewa nonon wance ba shi da kyau.

Ina zaune da cokalin a hannu Inna ta shigo da sandarta. Ta dube shi ta ce in mayar mata da cokalin Kaka inda na gan shi. Ban taɓa gaya mata na wane ne ba. Ganin haka na yi ta maza, na ba ta labarin kwalin ashana tun daga gindin darbejiya, ina yi ina kuka, da furfurata.

Ta karɓi cokalin ta naɗe shi a tsummansa. "Shekararki tara," in ji ta. "Mu manya mu munka aza ran yaro bisa tururuwa ukku. Tashi ki ɗora muna ruwan shayi."